Bagaruwar Larai

Duk wanda ya saba bi ta Ƙofar Mazugal da hantsi a shekarun baya, zai tuna wani dattijo siriri da kan durƙusa a gindin ganuwa yana tsintar ganye, ya ɗaga shi sama yana dubawa kamar mai sayen ƙwai. Baƙo kan ɗauka mai magani ne, wani ma ya ce taɓin hankali ne. Ko ɗaya babu. Isiyaku Maƙeri ke nan, mutumin Dala, kuma a bakin aikinsa yake.

Maƙerin fari ne, wato ba ruwansa da fartanya da lauje. Azurfa da tagulla yake sarrafa wa mata su yi ado. Ƙira gadonsa ce tun kaka da kakanni, a wani zaure da hayaƙi ya gama rina rufinsa. Ranar da mahaifinsa ya fara miƙa masa guduma, sharaɗi ɗaya ya gindaya masa: kada ya kuskura ya ƙera surar abu mai rai, ko ƙadangare, ko tsuntsu, ko da ƙuda ne, domin ranar gobe za a ce ya busa masa numfashi. Isiyaku ya ji, ya kuma kiyaye har ƙarshen ransa. To amma mutum ne da ba ya iya ganin abu mai kyau ya wuce. Da aka rufe masa ƙofar dabbobi, sai ya faɗa wa itatuwa.

Sauran maƙera suna ta buga tauraro da jinjirin wata yadda suka tarar ana yi, shi kuwa yana can yana bubbuga azurfa har ta yi sirantar ganyen tsamiya, ya fitar da jijiyoyin ganyen ɗaya bayan ɗaya, ya yi 'yan kunne. Ya yi zobe mai furen tumfafiya. Ya yi awarwaro mai naɗin yaɗon kabewa, har da 'yar murɗewar nan da yake yi idan ya kama dangar kara. Kuma ba ya yin biyu iri ɗaya. Idan mace ta aiko a yi mata irin na ƙawarta, sai ya ce a koma a tambaye ta ko ta taɓa ganin ganye biyu iri ɗaya a bishiya guda. Taurin kai dai kam Allah ya hore masa. Ya kori masu ciniki da yawa da shi, ko a jikinsa.

Matarsa Larai ita ta fi kowa shan wahalar wannan hali. Duk ranar wanki sai ta fara zazzage aljihun rigarsa: ga ƙwallon kurna, ga busasshen fure, ga ɓawon goruba, wani lokacin har da tururuwar da ta biyo su. Takan ce, "Malam, ni fa har yau ban gane ba, maƙeri na aura ko akuya?" Shi kuma ya ce ta dai ajiye masa su a kan taga, kada ta zubar. Haka suka zauna, tana tsiya tana ajiyewa. Allah ya ba su tagwaye, ba su zauna ba, sai Gambo da ya biyo bayansu. Can daga baya aka sami Zaituna, haihuwar ta tsaya daga nan.

A shekarar 1979, lokacin da soja suka fara miƙa mulki ga farar hula, gari ya cika da waƙoƙin jam'iyyu, kowa na cewa daɗi ya zo. A cikin wannan hayaniyar ne Larai ta kwance wani tsumma a gabansa, ta fito da mundaye biyu masu nauyi, azurfa tsantsa, gadon mahaifiyarta.

"Sun yi mini nauyi a hannu, kuma an daina yayinsu," in ji ta. "Ka narka ka yi mini abin wuya. Ka yi wa matan gari kaf, ni matar maƙeri wuyana wayam."

Isiyaku ya jujjuya mundayen. Ya ga aiki ne na wani tsohon gwani, an zana musu zane mai kyau a hankali. Bai tsaya tambayar wanda ya ƙera su ba. Ya jefa su a kasko, ya hau zuga.

A lokacin akwai wata bagaruwa a jikin ganuwa, ba nisa da ƙofar. Wanda ya san 'ya'yan bagaruwa ya san yadda suke: dogon kwanso mai ƙulli-ƙulli, kowace ƙwaya da ɗakinta, kamar carbi. Majema ne suke tara su don jimar fata, ba wanda ya taɓa kallonsu da sunan ado. Isiyaku ya daɗe yana kallonsu. Ya tsinko uku tun suna ɗanyu, ya haɗa su baki da baki da ƙayar bishiyar, ya naɗa su a wuyan tulu suka bushe a lanƙwashe. Sannan ya tankaɗe yumɓu da ƙyalle, ya kwaɓa da garin gawayi da kashin jaki, ya dinga shafa musu yana shanyawa a inuwa, shafi kan shafi, har suka ɓace a ciki. Ya sa a wuta, kwanson ya ƙone ya zama toka, ya busa tokar ta fice ta wata 'yar kafa, aka bar gurbinsa a cikin yumɓun. A wannan gurbin ake zuba narkakkiyar azurfa. Idan ta huce sai a fasa yumɓun, domin babu wata hanyar fito da ita. Ke nan kowane zubi sau ɗaya ake yinsa: kwanson ya tafi, yumɓun ma ya tafi.

Sau goma sha ɗaya yana yi abin yana ƙi. Wani lokacin azurfar ta daskare a rabin hanya, wani lokacin yumɓun ya tsage ta zube a toka, ya bi ya tsince ta ɗigo-ɗigo. Larai ta ce kafin ya gama wuyan ya tsufa. A na goma sha biyu, da ya fasa yumɓun ya wanke, sai ya zauna a ƙasa yana kallo. Ga bagaruwa nan ta azurfa, zubi ɗaya, babu haɗi babu liƙi tun daga wannan baki har wancan. Duk wata 'yar tamoji da ke jikin kwanson ta fito. A ƙwayar tsakiya akwai wata 'yar huda da ƙwaro ya yi tun kwanson yana kan bishiya, ita ma azurfar ba ta manta da ita ba. Ya rataya ta a ɗan yatsa daidai wannan hudar, ta tsaya cak, ba ta rinjaya dama ko hagu ba.

Larai ta sa ta zuwa wani suna a Ƙofar Ɗan Agundi, mata suka yi mata caa, har aka kusa mantawa da mai jego. Wata tsohuwa sai da ta ɗan ciza ta tabbatar ba itace ba ne aka shafa wa fenti. Daga ranar aka raɗa mata suna Bagaruwar Larai. Matan attajirai suka yi ta aike a yi musu irinta, Isiyaku ya ce an yi an gama.

To, al'adar garin ita ce idan yayin abin ado ya wuce, a ƙulle shi a tsumma a kai wa maƙeri ya narka ya yi sabo. Isiyaku ya ci abinci da wannan al'adar shekara da shekaru, bai taɓa ganin aibinta ba, sai da ta juyo kansa. Alhazai suka cika gari da gwal na Makka, 'yan kasuwa suka biyo baya da na ƙarya mai ƙyalli, azurfa ta koma kayan tsofaffi. Wata rana wata matar aure ta tsaya a bakin zaurensa ta miƙo ƙulli. Da ya kwance, sai ga ganyen tsamiya biyu suna kallonsa.

"A narka a yi mini zobe sumul, marar zane," in ji ta. "Na mahaifiyata ne, Allah ya ji ƙanta."

"Ni na ƙera mata su," ya ce.

"Allah sarki, Baba! To ai ka ga sun dawo gida."

Ya so ya ƙi. Amma ya san in ya ƙi, zaure na gaba za ta shiga, kuma a gida ana jiran cefane. Ya sa su a kasko, ya kau da kai yana zuga. Daga nan suka yi ta dawowa, yau furen tumfafiya, jibi yaɗon kabewa, kuma babu wanda bai gane ba tun kafin ya gama kwance tsumman. Ya zama shi ne mai yi wa aikinsa jana'iza. Duk ranar da Larai ta dawo daga biki, kafin ta cire mayafi zai tare ta, "Kin ga wani nawa?" Da fari takan ce ta ga uku, ta ga biyu. Daga baya ta koma yi masa ƙarya don ya ci tuwo da daɗin rai. Ya gane, domin Larai ba ta iya ƙarya ba, sai ya daina tambaya.

Tun daga nan burin Isiyaku ya tattare ya koma guda ɗaya tak. Ba ya neman suna, ba ya neman dukiya. So yake bayan ransa a ce akwai aikinsa guda da ya rage cikakke a garin nan, wanda wani zai ɗaga wata rana ya ce, wa ya yi wannan? Kuma ya san abin da ya rage masa Bagaruwar Larai ce kawai.

Da a ce Gambo ya gaji ƙirar, da abin ya zo da sauƙi. Amma a nan, gaskiya ɗaya ce, laifin Isiyaku ne. Shekara shida Gambo ya yi a gindin zuga-zugi, duk ranar da ya kai hannu ga guduma sai uban ya ce, "Tukuna." Kalmar nan ta tukuna ita ce ta fi kowace sauƙin fita daga bakin Isiyaku. A ransa ya riga ya yanke cewa ɗan nasa ba shi da hannu, alhali bai taɓa barinsa ya buga ko sau ɗaya ya gani ba. Da Gambo ya gaji da haɗiyar hayaƙi, sai ya tafi masaƙa ya kama aiki, ya yi aure, ya ja ɗaki a cikin gidan. Kullum ta zauren yake wucewa, ya durƙusa ya gai da Baba, idonsa ba ya ko kallon wajen maƙerar.

Da aka tashi auren Zaituna, Larai ta fito da bagaruwar tana gogewa da toka, ta ce za ta sa mata a kayan ɗaki.

"Ni na sa ta na more," in ji ta. "Yanzu lokacin yarinya ne."

Isiyaku ya hango bagaruwar ta bar gidan, ya hango dangin miji da ƙawaye suna cewa wannan ai kayan kakanni ne, ya hango tsumma ana miƙa wa wani maƙerin da ba zai ko dube ta ba.

"Bari tukuna," ya ce. "Yarinya ce, ba ta san darajarta ba. In ta ƙara hankali kya ba ta."

"Malam, abina ne fa."

"Na sani. Ai ban ce ba naki ba ne. Na ce tukuna."

Larai ta dube shi ta girgiza kai, ta mayar da ita ƙasan adaka. A ganinsa ya tsirar da ita ke nan. Duk Juma'a bayan an sauko daga masallaci yakan ce a fito masa da ita, ya rataya ta a yatsa ya ga ta tsaya cak, ya mayar. Zaituna ta haihu ɗaya, ta haihu biyu, ta haihu uku, har yanzu dai ba ta ƙara hankali ba a wajen Isiyaku.

A haka aka kai 1999, soja suka sake miƙa mulki. Bangon unguwa ya cika da hotunan 'yan takara, har jikin zauren Isiyaku ba a bari ba. Rediyo na ta alkawarin za a buɗe masaƙun da aka rufe, ruwa zai dawo famfo, talaka zai sarara. Isiyaku ya taɓa jin irin wannan shekara ashirin da suka wuce, don haka bai ɗaga kai ba. Masaƙar su Gambo na cikin waɗanda aka garƙame, shekara biyu ke nan yana buga-buga, ga mata ga 'ya'ya huɗu. Shi kansa Isiyaku yanar ido ta fara rufe masa gani, hannunsa na dama ya kama rawa, ko shayi zai sha sai ya tallafa da hagu. Bagaruwar bakin ganuwa kuwa tuni wasu suka sare ta suka kafa rumfar faci a gurbinta. Ko da za a zube masa azurfa buhu guda, ba zai iya sake yin wata ba, kuma ya sani.

Da damina ta tsaya Larai ta kwanta. Ciwo kamar wasa, ƙafa ta kumbura, numfashi ya yi ta gajarta. Wata rana da la'asar, Zaituna na yi mata fifita, Isiyaku na zaune a bakin ƙofa, ta buɗe ido ta ce, "Malam, ka ji da kunnenka. Bagaruwar nan ta Zaituna ce. Kada ka ce tukuna."

"Na ji," ya ce. "Ba zan ce ba."

Ranar Laraba aka haife ta, ranar Laraba ta koma. Isiyaku bai yi kuka a gaban mutane ba. Sai bayan kwana uku, da ya sa hannu a aljihu ya ji ƙwallon kurna, ya tuna babu mai yi masa tsiya a kai kuma, sannan ya shige bayan zuga-zugi ya yi mai isarsa.

Bayan sadakar arba'in aka kira Malam Nata'ala, limamin masallacin unguwa, ya raba gado. Tare suka yi karatun allo da Isiyaku, amma idan ya zauna rabon gado ba ya sanin kowa. Aka shimfiɗa tabarma a zaure. Kayan ba su da yawa: 'yan kwanuka da suka sha jiki, atamfa huɗu, mayafi biyu, tabarmar salla. Nan da nan aka gama da su. Sai Zaituna ta ajiye bagaruwar a tsakiya, Isiyaku ya yi saurin cewa wannan ba ta ciki, marigayiya ta bar wa 'yarta, shi shaida ne.

"Yaushe ta ba ta?" in ji Malam Nata'ala.

"Kwana tara kafin ta cika."

"Tana kwance, a ciwon da ta rasu a cikinsa?"

"Tana kwance."

Malam Nata'ala ya shafa gemu. "Malam Isiyaku, da a ce tana da lafiyarta ta ɗauka ta miƙa mata, yarinya ta karɓa ta tafi da ita, da babu mai magana. Amma kyautar ciwon ajali wasiyya ce, kuma ba a yi wa mai gado wasiyya, sai in sauran magada sun yarda. Kai kana da kashi ɗaya cikin huɗu. Abin da ya rage, namiji biyu, mace ɗaya. Ke nan Gambo rabi, Zaituna kashi ɗaya cikin huɗu. Kai ka yarda a bar mata?"

"Na yarda, na yafe, duniya da lahira."

"Gambo, kai fa?"

Gambo ya sunkuyar da kai. Malam ya sake tambaya. Isiyaku ya juya zai yi masa tsawa, sai idonsa, duk da yanar, ya sauka a kan silifas ɗin da ɗan nasa ya cire a bakin tabarma. An ɗaure maɗaurin ɗaya da waya, ɗayan kuma dugadugin ya cinye har ya huje. Sai ya fasa tsawar.

A tambaya ta uku Gambo ya yi magana, murya ƙasa-ƙasa, bai ɗago ba. "Baba, ka yafe mini. Akwai wanda zai ba ni tsohon babur in yi acaɓa, in na kai masa wani abu a hannu. Yaran nan jiya da gari da ruwa suka kwana. Wallahi da ina da yadda zan yi..."

Zaituna ta fashe da kuka. "A ba Yaya duka, ni na haƙura."

"A'a," in ji Gambo. "Haƙƙina kawai. Ba zan ci naki ba."

Babu mugu a zauren nan, abin da ya fi ci wa Isiyaku rai ke nan. Da akwai wanda zai zaga, da ya ji sanyi. Ya nemi a ba shi mako guda, Malam Nata'ala ya ce an ba shi.

Tunaninsa shi ne, in ba za ta zauna a gidan ba, to ta tafi cikakkiya, ko hannun wa za ta faɗa. Ya naɗe ta a hannun riga ya nufi Kasuwar Kurmi, wajen wani dillalin kayan azurfa da ake kira Alhaji Mailafiya. Alhaji ya karɓa ya yi ta salati, ya ce rabon da ya ga aiki irin wannan tun yana saurayi. Yana yabon yana goga gefenta a dutse don ya ga ko azurfar tsantsa ce. Isiyaku ya ji gugar nan har cikin haƙoransa.

"Zan saya, Malam, amma a kan nauyi. Kuma ba zan ɓoye maka ba, narkawa za a yi. Wa zai sa wannan yanzu?"

"Babu wanda zai ajiye ta haka, don kallo?"

"Turawa ne masu wannan, su kuwa sun ɗauke ƙafa tun zamanin soja. An ce yanzu da aka yi zaɓe za su dawo."

"Yaushe?"

Alhaji Mailafiya ya buɗe hannuwa. "Allah masani."

Ya shiga rumfa huɗu, magana ɗaya ce. Ya yi tayin kayan ƙirarsa ko za su tsaya a madadin rabon Gambo, aka ce masa wa yake neman zuga-zugin fata a wannan zamani. Gidan da suke ciki kuwa na gado ne, dangi sun fi ashirin a kansa. A hanyar komawa ya zauna a dakalin wani masallaci ya huta, sai mundayen nan biyu suka faɗo masa a rai, da zanen da ke jikinsu. Wani bawan Allah ya zauna ya yi wannan zanen, wataƙila shi ma yana fatan a tambayi sunansa wata rana. Shekara ashirin ke nan, sai yau ya yi tambayar, kuma babu sauran wanda zai amsa.

Ranar Alhamis da hantsi suka sake haɗuwa a zauren. Isiyaku ya ce tun da nasa kason ya bar wa Zaituna, sara ɗaya za a yi, a raba biyu daidai. Neman tsakiya bai ba shi wahala ba, shi ya san inda take. Ya kwantar da bagaruwar a kan uwar maƙera, ya lalubo 'yar hudar ƙwaron nan da yatsa, ya kafa bakin kurfi, ƙarfen sara, a kanta. Ya ɗauki gudumar mahaifinsa ya ɗaga. Hannun ya hau rawa. Ya sauke, ya yi bismilla, ya sake ɗagawa, rawar ta ƙaru har kurfin ya goce daga kan hudar.

"Malam Isiyaku, a yi a hankali," in ji Malam Nata'ala. "In saran ya kauce, haƙƙin wani zai shiga na wani."

Isiyaku ya dubi mutanen da ke zauren. Liman bai san komai ba sai alƙalami. Zaituna ta rufe fuska da mayafi. Ya juya gudumar, ya miƙa ƙotar.

"Gambo, zo ka karɓa."

"Baba, ban taɓa ba."

"Na sani. Ni zan riƙe kurfin, kai ka buga."

Gambo ya matso ya durƙusa. Ya karɓi gudumar, ya ɗan jijjiga ta a hannu yana jin nauyinta, ya gyara riƙo ba tare da an gaya masa ba. Isiyaku ya kama kurfin da hannu biyu, ya danne shi a kan hudar, ya runtse ido. Ya ji ƙara guda ɗaya, gajera, mai tsabta. Da ya buɗe ido, Bagaruwar Larai ta zama biyu.

Malam Nata'ala ya ɗora kowane rabi a kan ma'aunin maƙerar ya ɗaga. Ma'aunin ya ɗan yi lilo, ya tsaya daidai, ko ƙwayar gero babu a tsakani. "Masha Allahu," in ji shi. "Kowa ya sami haƙƙinsa. Allah ya ji ƙan Larai." Aka shafa.

Isiyaku ya ɗauki rabin Zaituna, ya bi bakin saran da babban yatsa, tun da idon ba ya gani sosai. Sumul, babu tauna, babu karkata, kamar an yanka sabulu. Azurfa mai kauri haka, gwanaye ma sai sun buga biyu ko uku. A shekara sittin da ya yi a zauren nan, mutum ɗaya ya sani mai irin wannan bugun, shi ne wanda ya fara miƙa masa gudumar. Baƙin cikin da ya taso masa a lokacin ya fi na bagaruwar, domin wannan babu wanda ya yi masa sai shi kansa.

Ya ɗago ya dubi ɗansa, mutum mai shekara talatin da huɗu, furfura har ta fara fito masa a gefen kunne.

"Ashe kana da hannu," ya ce.

Gambo bai gane abin da ake nufi ba, ya ɗauka magana ce aka gaya masa. Ya ajiye gudumar a hankali, ya naɗe rabinsa a tsumma, ya ce Baba ya yi haƙuri, mai babur ɗin ya ce kada ya wuce azahar. Ya durƙusa ya yi sallama, ya zura silifas ɗinsa ya fita.

Isiyaku ya kai hannu ya taɓa ƙotar gudumar, ya ji da sauran ɗumi. Daga ranar ba a sake ganin hayaƙi a zauren ba.